FASHIN BAƘI: Kullen korona, tsofaffin motoci da siyasar gyara a Kano ta Kudu

Da ƙarfe 10 na daren Alhamis, 16 ga Afrilun 2020, dokar kulle ta fara aiki a Jihar Kano, kwana biyar bayan tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a jihar. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ce mako guda za a yi. Ranar 27 ga watan, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mako biyu, aka sake tsawaitawa a tsakiyar Mayu. Azumi ya zo ya wuce, aka yi Ƙaramar Sallah a cikin takura, kuma ba a janye dokar baki ɗaya ba sai farkon Yuli.

An yi magana mai yawa a kan mace-macen wancan lokaci, da rufe kasuwanni, da rabon tallafin da bai kai ga mafi yawan mabuƙata ba. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne halin da motoci suka shiga. A Turai da Amurka, watannin kulle sun zama kakar masu sha'awar tsofaffin motocin gudu, waɗanda suka shige gareji suna kwancewa suna ɗaurawa domin kashe lokaci. A Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ma an ɗaga murfin inji a ƙofar gida, kuma sau da yawa samfurin motar ɗaya ne da na can. Bambancin dalilan da suka sa hannayen biyu suka taɓa baƙin mai yana faɗin abu mai yawa game da tattalin arzikin Najeriya da manufofinta na motoci.

Hanyar da ta yi tsit

Ƙananan hukumomin huɗu suna rayuwa ne a kan hanya. Babban titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ƙasar Bebeji da Kiru. A Kwanar Dangora hanya ke rabuwa ta nufi Tudun Wada, ta keta dajin Falgore zuwa Doguwa, ta faɗa Saminaka a Jihar Kaduna, ta haura Jos. Masara da shinkafar Tudun Wada da Doguwa, da kifin madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, da fasinjojin ƙauyuka irin su Kafin Maiyaki da Burji da Riruwai, duk a kan waɗannan hanyoyi suke fita.

Tun ranar 27 ga Maris, kafin kullen cikin gida, gwamnatin jihar ta rufe iyakokinta, kuma wannan yanki shi ne ƙofar Kano ta kudu. Daga baya gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, haramcin da bai kau ba sai 1 ga Yuli. An keɓe motocin abinci da kayan gona daga dokar, amma direban da ke lodin mutane zuwa Zariya ko Jos ya rasa hanyar cin abincinsa. Wani abin mamaki shi ne a daidai lokacin ne man fetur ya yi araha: an sauke lita daga naira 145 zuwa 125 a watan Maris, ta ƙara sauka zuwa 123.50 a Afrilu. Ga mai da sauƙi, ga mota, babu wurin zuwa.

Abin da zama ke yi wa mota

Mota ba ta son zama, kuma tsohuwa ta fi gajen haƙuri. Batir ne ke fara nuna alama. Ko ba a kunna komai ba yana zubar da cajinsa a hankali, zafin Afrilu kuma na ƙara saurin zubar. Cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6. Idan ya sauka ya daɗe a ƙasa, wani farin gishiri kan daskare a jikin farantan darmar da ke cikinsa, daga nan ko an yi caji ba ya riƙewa kamar da.

Fetur ma yana tsufa. Sassansa masu saurin tashi suna bin iska, ragowar ta yi kauri ta bar danƙo a ƙananan ramukan kafireta ko a bakin nozul. Man birki yana shan danshin iska, abin da ke sa tsatsa a cikin bututu, ya kuma rage ƙarfin birkin idan ya ɗauki zafi. Robobin da ke tare mai suna bushewa su tsage. Taya na sacewa, gefen da ke ɗauke da nauyi ya baje. Ɓeraye kuwa, musamman a gidan da ake ajiye hatsi, sukan tare a ƙarƙashin murfin inji su ci wayoyi.

Saboda haka mai motar da ya san ciwon kansa ba ya barin ta haka nan. Yana cire kan batir, yana tayar da inji lokaci-lokaci har ya yi zafi sosai, yana ɗan gusa ta gaba ko baya. Wanda ya fara da wannan kuma yakan zarce. Gyaran da aka yi wata da watanni ana ɗagawa saboda motar ba ta samun hutun yini guda, kamar sauya gaskit, ko wanke lagireto, ko duba kuloci, sai ga lokacinsa ya samu. Matsalar ita ce kayan gyara. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda yankin ke sayo sassan mota na hannu, tana cikin kasuwannin da kulle ya shafa, Panteka ta Kaduna kuma tana bayan iyakar da aka rufe. Abin da ya rage shi ne tsohuwar dabarar gareji: a ciro daga matacciyar mota a raya mai sauran numfashi, a wanke fulogi a mayar, a yanka gaskit da hannu, mai walda ya like abin da a da sai a jefar.

Sha'awa a can, larura a nan

A ƙasashen da suka ƙera waɗannan motoci, tsohuwar mota kayan marmari ce, kuma doka ta ba ta matsayi. A Jamus, motar da ta cika shekara 30 tana cikin kamanninta na asali tana iya samun lamba ta musamman mai harafin H. A Birtaniya, wadda ta haura shekara 40 an ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Da kulle ya zo, gwanjon motoci ya koma intanet, masu albashin da ba su da wurin kashe shi suka shiga saye, farashin tsofaffin motocin gudu ya tashi.

Wannan tashi bai tsaya a can ba. Ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta da ake sa wa sababbin motoci ya rage ƙira a 2021, jama'a suka koma kan na hannu. A Amurka, wadda tana cikin manyan wuraren da Najeriya ke sayo motocin tokumbo, farashin motocin hannu ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku a wannan shekara. Dillalin da ke shigo da mota ta Legas ya saya da tsada, ya sayar da tsada, direban Kwanar Dangora da ke fatan sauya mota ya ga ba shi da zaɓi illa ya ci gaba da lallaɓa wadda ke hannunsa.

Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a Oktoban 2020 da ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 zuwa ƙasashen waje, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Motar da ta gama aikinta a titunan Turai, a nan take fara wani sabon aikin, da lodin da masu ƙera ta ba su taɓa tunani ba.

Jinin tsere a tashar mota

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa babu sha'awa a cikin lamarin. Matasan da ke taruwa a bakin gareji suna musu kan wace mota ce ta fi tashi, ko wane inji ne ya fi daɗin ƙara, suna magana ne a kan motoci masu tarihi na gaske a fagen tsere.

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ake ƙirgawa cikin mafi wahala a duniya, a hannun Ove Andersson ɗan Suwidin. A 1978 samfurinta mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida ya sake lashe shi, ya kuma lashe tseren Bandama na Kwaddibuwa. Dogon safirin ɗinta da tsayinta daga ƙasa, waɗanda suka ba ta nasara a jar ƙasar Kenya, su ne suka sa ta jure hanyoyin ƙauyen Arewa. A shekarar 1975 ɗin ce kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, kuma 504 ta zama motar gwamnati, motar ma'aikaci, motar haya, ɗaukar-marasa-lafiya da a-kori-kura. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina.

Golf ƙirar Volkswagen, wadda ake cusa wa mutum biyu a kujerar gaba da huɗu a baya, ƙanwa ce ga GTI da ta fito a 1976 ta buɗe babin ƙananan motoci masu gudu a Turai. Samfuri na uku, wanda aka fara ƙerawa a 1991, shi ne ya cika tashoshin Arewa. Marsandi 190 kuwa, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, tana da samfurin tsere da Ayrton Senna ɗan Barazil ya lashe gasa da shi a filin Nürburgring na Jamus a 1984, tun kafin duniya ta san shi. A yau masu tara motoci a Turai suna zuba kuɗi mai yawa a kan irin waɗannan samfura, yayin da 'yan'uwansu na yau da kullum ke jigilar buhunan masara daga Doguwa.

Dalilin da ya sa tsohuwa ke gyaruwa a ƙofar gida

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a nan maganar tana da bayani na fasaha. Injin fetur yana buƙatar abu uku: iska, mai, da tartsatsi a daidai lokacinsa. A tsohuwar mota irin 504, kafireta ce ke gauraya mai da iska ta hanyar zuƙar da injin ke yi, kwantak da kwayil kuma su ba fulogi wuta. Dukkansu ƙarfe ne da safirin da dunƙulen roba da ido ke gani. Bakanike mai kunne yana iya saita su da sukundireba, yana sauraron yadda injin ke numfashi.

A sabuwar mota, kwamfutar da kanikawa ke kira burenbos ce ke yanke hukunci. Tana karɓar saƙo daga na'urorin da ke auna iska da zafi da hayaƙi da juyawar inji, sannan ta umarci injekta ta fesa mai gwargwado. Wannan tsari ya fi tattalin mai, ya fi rage hayaƙi, kuma ba ya yawan lalacewa. Sai dai idan ya lalace, kunne ba ya isa. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa kowace sabuwar mota wata kafa ta bai-ɗaya da ake jona na'urar bincike, Turai ta bi sahu a kan motocin fetur a 2001. Wanda ke da na'urar kuma ya iya karanta lambobin da take fitarwa, cikin minti kaɗan zai gane inda matsalar take. Wanda ba shi da ita sai ya shiga canki-canka, yana sauya sassa masu lafiya da kuɗin mai mota.

Wannan shi ne abin da kulle ya fito da shi fili. Mai tsohuwar Fijo a Yaryasa ko Rantan yana iya tayar da motarsa da taimakon maƙwabci. Mai motar zamani da fitilar gargaɗi ta kama a gabansa sai ya jira a buɗe hanyar Kano. Tambayar wa ke da ikon gyara abin da ya saya da kuɗinsa ta zama batun siyasa a wasu wurare. A Nuwamban 2020, masu zaɓe a jihar Massachusetts ta Amurka suka amince da gagarumin rinjaye da dokar da ta tilasta wa kamfanonin mota buɗe bayanan motocinsu ga masu su da ƙananan gareji.

Inda dabara ke zama haɗari

Yabon basirar kanikawa bai kamata ya rufe ido daga wasu al'adun gareji masu cutarwa ba. Ta farko ita ce cire tamostat, ƙaramin bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aikinsa, bisa zaton cewa na ƙasar sanyi ne. Injin da aka cire masa shi yana daɗewa bai yi zafi ba, yana shan mai fiye da kima, ringi da silinda kuma suna saurin cinyewa. Ta biyu ita ce zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, wanda ke kawo tsatsa da toshewa. Ta uku ita ce fasa salansa a ciro abin tace hayaƙin da ake kira indomi a sayar, saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, motar ta koma fesa wa fasinja da mai talla guba.

Mafi muni shi ne abin da ya shafi rai kai tsaye. Ƙara ganyen safirin domin mota ta ɗauki ninkin lodinta ba ya ƙara mata birki. Tayar gwanjo tana iya zama da zane mai kyau alhali robarta ta mutu. Lambobi huɗu da ke gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan haka. Yawancin waɗannan tsofaffin motoci ba su da jakar iskar da ke kare direba, ba su da birkin da ke hana taya kullewa. A hanya mai kwana da gangara irin ta Falgore zuwa Saminaka, wannan rashi shi ne tazarar da ke tsakanin tsorata da jana'iza. Haka nan wasan mota da matasa ke yi a bukukuwa da ranakun Sallah, wanda 'yansandan Kano suka sha haramtawa, yana faruwa ne a titin da yara ke tsallakawa, domin babu keɓaɓɓen fili da ƙa'idar da za su mai da sha'awar ta zama wasa mai tsari.

Manufofin da suka tsufar da motocin

Tsufan motocin Kano ta Kudu sakamakon shawarwari ne da aka yanke a Legas da Abuja. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antu shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, Steyr a Bauchi, da kamfanin manyan motocin Fiat a Kano. Faɗuwar farashin ɗanyen mai da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sun karya darajar naira, sassan da ake shigowa da su suka yi tsada, ma'aikacin da a da ke karɓar bashin mota ya sayi sabuwa ya koma neman ta hannu. Daga nan kasuwar Kwatano ta buɗe. An sayar da hannun jarin gwamnati a kamfanin Kaduna a 2006, bashi ya kai shi hannun hukumar AMCON a 2012.

Gwamnatin Goodluck Jonathan ta fito da sabuwar manufar motoci a 2013, wadda ta ɗora harajin kashi 35 cikin 100 da ƙarin wani kashi 35 a kan motocin da aka shigo da su a haɗe, da nufin tilasta ƙira a gida. Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin har zuwa Disamban 2020. A 2019 Shugaba Buhari ya ƙi sanya hannu a kan ƙudurin da zai mai da manufar ta zama doka, sannan Dokar Kuɗi ta 2020 ta sauke ƙarin harajin zuwa kashi 5. Mai zuba jari bai samu tabbas ba, mai saye bai samu sauƙi ba. Kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a kusa da Kaduna a 2022, amma farashin sabuwar mota ya yi nisa da aljihun direban haya.

Abin da ya biyo baya ya fi kulle tsanani. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ta haura 1,000 a Oktoban 2024. Dalar da ke naira 360 a farashin gwamnati lokacin kulle ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024, kuma da wannan farashi kwastan ke lissafin haraji a lokacin. Direba ya shiga tsaka mai wuya. Tsohuwar motarsa tana gyaruwa amma tana shan mai, wadda ba ta shan mai kuma ba ta sayuwa.

Abin da ya kamata a tambaya

Yankin yana da kujeru biyu a Majalisar Wakilai, Kiru da Bebeji, sai Tudun Wada da Doguwa, kuma waɗanda suka daɗe suna riƙe su, Abdulmumin Jibrin Kofa da Alhassan Ado Doguwa, suna cikin 'yan majalisar da aka fi jin muryarsu a ƙasar. Rabon babura da motoci ga magoya baya ya zama al'adar siyasar Kano. Matashin da ke zaɓe yana da damar tambayar abin da ya wuce rabo.

Tambaya ta farko ta shafi ilimi. Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Bagauda tana cikin ƙasar Bebeji, gwamnatin Ganduje kuma ta taɓa tura matasa, har da mata, koyon gyaran mota a cibiyar horarwa ta Peugeot a Kaduna. Abin da ke gaba shi ne yaron garejin Tudun Wada ya samu na'urar bincike da horon karanta ta a kusa da gida, tare da takardar shaidar da za ta tabbatar da abin da ya koya a hannun maigidansa. Ta biyu ta shafi iskar gas. An ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ranar 30 ga Yunin 2020, ana tsakiyar kulle, kuma tun 2023 gwamnatin tarayya ke kiran direbobi su mai da motocinsu masu amfani da gas. Juyar da mota aikin bakanike ne, tukunyar gas da aka ɗaura ba bisa ƙa'ida ba kuwa bam ce a cikin but. Wajibi ne a san wa zai horar da masu juyarwar, kuma ina direban Doguwa zai sha gas ɗin. Ta uku ita ce doka tabbatacciya a kan masana'antar motoci, wadda ba za ta sauya da sauyin minista ba.

Basira dai akwai ta. Jelani Aliyu, wanda ya taso a Sakkwato, ya yi zanen motoci a kamfanin General Motors na Amurka kafin ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir. Yaran da suka koyi kwance kafireta a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a watannin kullen 2020 yanzu sun zama samari masu katin zaɓe, kuma motocin da ke shigowa garejinsu suna ƙara zama kwamfuta kowace shekara. Idan ba a ba su kayan aiki da horon da zamanin ke nema ba, ranar da Golf ta ƙarshe ta kwanta a tashar Kwanar Dangora, sana'arsu za ta kwanta tare da ita.